Filin Noma da Lambu: Kabeji Ɗan Hunturu Ne, Tun da Kaka Ake Yi Masa Shiri

Ga damina tana haramar tafiya, an fara yankan gero, hankalin masu lambu kuwa ya koma kan abin da za a shuka da rani. Saboda haka a wannan mako za mu duba yadda magidanci zai raini kabeji tun daga ƙwayar iri har ya kai ga tukunya, a ɗan filin da ke bayan ɗakinsa.

Kukan da masu lambun gida suka fi yi game da kabeji iri biyu ne. Wani ya ce ya yi wata uku yana ban ruwa, shukar ta yi ganye fatau-fatau kamar faifai, amma ta ƙi naɗe kai. Wani kuma ya ce ta fara naɗewa ke nan sai tsutsa ta mai da ganyen kamar rariya. Daga nan sai a ɗora wa mai sayar da iri laifi, ko a ce ƙasar wurin ba ta karɓi kabeji ba. Alhali kuwa sau da yawa irin lafiyarsa lau, ƙasar ma ba ta da aibu. Kwanan wata ne aka kuskure. Kabeji yana da lokacin da yake naɗe kai, watau tsakiyar sanyi, wanda kuwa bai shuka da wuri yadda shukarsa za ta riski wannan lokaci tana da ƙarfinta ba, ya yi wahalar banza.

Dalilin da ya sa yake son sanyi

Kabeji baƙo ne a ƙasarmu. Kakanninsa na daji a kan duwatsun gaɓar teku suke tsirowa a nahiyar Turai, inda iska take da sanyi da laima. Har yanzu bai bar halin gidansu ba. Ya fi jin daɗin girma idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 da 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya zarce digiri 30 dare da rana, sai ya riƙa fitar da ganye a warwatse, kan da zai yi ya zama ƙarami, sako-sako, ba nauyi.

A Ingila akwai wanda suke kira kabejin hunturu, kamar irin da ake ce wa January King da kuma dangin Savoy masu ganye a tattare. Sukan zuba irinsa a watan Afrilu ko Mayu, su dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ya yi ta girma sannu a hankali, sa'an nan su riƙa yanka daga Nuwamba har Maris. Yakan tsaya a gona ƙanƙara tana sauka a kansa bai mutu ba. Ga mutanen da ƙasarsu kan yi wata huɗu ko biyar ba ɗanyen ganye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ma suka koyi yayyanka shi su tsima da gishiri a cikin ganga. Irin wannan tsimammen kabeji ne Kyaftin Cook ya loda a jirginsa a tafiyar da ya fara a 1768, domin tsare matuƙansa daga ciwon nan mai sa dasashi zubar da jini, wanda rashin sinadarin bitamin C yake kawowa.

Mun kawo wannan labari ne saboda wani tarko. Wani ɗan'uwa kan dawo daga Turai da tsarabar fakitin iri, ko a tarar da shi a kanti, an rubuta a jikinsa cewa na hunturu ne, sai mutum ya ce ai ga wanda ya dace da sanyinmu. Ba haka ba ne. Hunturunsu daban, namu daban. Nasu kabejin yana bukatar wajen wata shida a ƙasa, mu kuwa sanyinmu bai fi wata uku ba, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. Su suna neman irin da zai jure ƙanƙara, mu muna neman mai saurin nuna wanda zai gama aikinsa kafin bazara ta kawo kai. Watannin da aka rubuta a bayan irin wannan fakiti ba domin mu aka rubuta su ba.

A ƙirga daga baya

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya fara da ranar girbi, ya ƙirgo baya. Irin da aka saba da su a nan suna yin mako 4 zuwa 5 a wurin raino, sa'an nan mako 10 zuwa 12 bayan dashe. Jimla wajen wata huɗu ke nan. A Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, daren Disamba da Janairu ne ya fi sanyi, har ma'auni kan sauko wajen digiri 13 ko ƙasa da haka, amma kafin ƙarshen Maris rana ta doshi digiri 38. To, wanda ya zuba iri ran 1 ga Oktoba zai yi dashe a makon farko na Nuwamba, shukarsa ta fara naɗe kai a Disamba, ya yanka daga tsakiyar Janairu. Wanda ya zuba a tsakiyar Nuwamba yana bakin iyaka. Wanda kuwa ya jira sai da ya ji sanyi a jikinsa a Janairu kafin ya tuna da kabeji, shukarsa za ta zo naɗe kai a Afrilu, lokacin da ko mutum inuwa yake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Jos da kewaye Allah ya hutar da su daga yawancin wannan lissafi, gama tudunsu ya haura mita 1,200 bisa teku, sanyi bai cika yanke musu ba. Suna noma kabeji da damina, da rani kuma su yi ban ruwa, har da ruwan tsofaffin kududdufan da haƙar kuza ta bari, su yi lodi zuwa kasuwar Mil 12 ta Ikko da sauran manyan kasuwanni. Amma 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, inda dare ba ya yin sanyi sosai, ga kuma laima, sai su nemi iri mai jure zafi, su auna dashensu ya faɗo a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kuma kada su sa ran kan zai kai na Jos girma.

Zaɓen iri

Daga cikin irin da aka sani a kasuwanninmu akwai Copenhagen Market, tsohon iri ne da wani kamfanin ƙasar Denmak ya fitar tun 1909, mai kai zagaye, yana nuna cikin kwana 65 zuwa 75 bayan dashe. Akwai kuma na aure, waɗanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsu, kamar Gloria da Oxylus da KK Cross. Waɗannan sun fi tsada, amma sun fi jure zafi, kawunansu kuma sukan zo kusan daidai wa daida. Na ƙarshen nan, daga ƙasar Japan, an daɗe da saninsa a ƙasashe masu zafi.

Mai karatu zai ce, me zai hana in bar gindi ɗaya ya yi fure in tara irina, kamar yadda nake yi da kuɓewa da yakuwa? Dalili shi ne kabeji sai ya sha sanyi mai tsanani, ƙasa da digiri 10, na makonni da yawa a jere kafin ya yi fure. Wannan kuwa ba ya samuwa a yawancin ƙasarmu, shi ya sa irin da muke shukawa daga waje ake kawo shi. Tun da haka ne, lalle a saya a kantin da aka amince da shi, a cikin fakiti ko gwangwani a rufe, a duba kwanan watan da ke jiki. A guji wanda aka ƙulla a leda aka shanya a rana a bakin kasuwa, domin zafi yana kashe ƙwayar iri ba tare da ta sake kama ba. Araha ba ta ado. Giram ɗaya tak yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, ya ishi gida har a ba maƙwabci. Idan an ga irin da launin ja ko shuɗi, an riga an shafa masa magani ne, sai a nisanta shi da yara da kaji, a wanke hannu bayan an taɓa.

Wurin raino

A nan ne ake cin kabeji ko a faɗi. A ɗaga ƙasa kamar taƙi ɗaya, faɗinta kada ya wuce mita ɗaya domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. A marmashe ta sosai, a gauraya da ruɓaɓɓen taki wanda ya huce, har ya koma baƙi ba wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona jijiyar tsiro, yana kuma janyo gwazarma da gara. Masu lambu na da sukan tara kara a kan wurin su cinna wuta kafin shuka, wannan dabara ce mai kyau, gama tana rage cututtukan ƙasa da irin ciyawa. Wanda ba shi da fili, ko yana tsoron ruwan ƙarshen damina mai dukan ƙasa, sai ya yi rainon a tsohon daro ko kwando mai huji a ƙasa, wanda zai iya janyewa ƙarƙashin rumfa idan hadari ya taso.

A ja layi da yatsa, zurfin santimita 1, tsakanin layi da layi santimita 10. A jera irin ɗai-ɗai, kada a watsa shi kamar na alayyafo. A rufe da lallausar ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, a yayyafa ruwa da buta mai rariya a baki. Cikin kwana 4 zuwa 7 zai tsiro. Ranar da aka ga kan tsiro, ranar za a kwashe ciyawar. Idan aka ƙara kwana biyu, sai tsiron ya yi dogon wuya, fari, ba ƙwari, irin wannan kuwa ba ya ƙara zama kabejin kirki.

Ana yin 'yar rumfa mai shara-shara domin tare zafin tsakar rana, amma rana ta safe da ta yamma dole ta same shi. Bayan kwana 10 a rage cunkoso, a bar yatsa biyu zuwa uku tsakanin tsiro da tsiro. Idan aka ga tsiro yana faɗuwa, wuyansa ya tsuke ya yi baƙi daidai bakin ƙasa, ruwa ne ya yi yawa, iska kuma ba ta ratsawa. Sai a cire waɗanda suka kamu, a rage ban ruwa, a riƙa yinsa da safe. A mako na ƙarshe a ɗauke rumfar gaba ɗaya, a rage ruwa kaɗan, domin tsiron ya saba da wuya kafin ya bar gida.

Ga wata shawara ga mai iyali. Kada a zuba irin duka rana ɗaya, domin kai 40 za su nuna a mako guda, a rasa yadda za a yi da su. A kasa shi uku, a bar mako biyu tsakani: farkon Oktoba, tsakiyarta, da ƙarshenta. Ta haka gida zai yi wajen wata ɗaya da rabi yana cin sabon kabeji.

Dashe, ruwa da taki

Tsiro ya isa dashe idan ya yi ganyen gaske 4 zuwa 6, tsawonsa kamar santimita 10 zuwa 15. A zaɓi gajeru masu kauri. Lalle a buɗa tsakiyar kowane ɗaya a duba idonsa, watau ɗan tohon da sababbin ganye suke fitowa. Akwai wata tsutsa mai saƙa kamar gizo-gizo da ke cinye wannan ido tun a wurin raino. Tsiron da ya rasa idonsa zai rayu, zai yi ganye, amma ba zai yi kai ɗaya ba har abada, sai dai 'yan ƙananan kawuna marasa amfani. A yar da shi tun yanzu, kada a yi wata uku ana yi masa hidima.

A shayar da wurin raino sosai kafin a cira, a ɗebo kowane tsiro da ƙasarsa, a dasa da la'asar sakaliya. A nutsa shi har zuwa ganyen farko, a danne ƙasar gindin da kyau, gama kabeji ba ya son gindi sako-sako. Tazara santimita 50 ta kowane gefe. Komi, ko fangali kamar yadda waɗansu suke kira, mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5 zai ɗauki gindi 40. Wurin ya zama yana samun rana aƙalla awa 6, a kuma kewaye shi da danga, domin akuya ba ta san wahalar kowa ba. Mazauna gidan haya suna iya dasa gindi ɗaya a kowane buhun ƙasa ko bokiti mai lita 20 da aka huda.

Kabeji mai ci ne. Kafin dashe a zuba bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kowace mita ɗaya murabba'i. Mako biyu bayan dashe a ba kowane gindi cokalin shayi biyu na takin zamani mai lamba 15-15-15, a zagaye, nesa da kara kamar yatsa huɗu, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Bayan mako uku kuma a ƙara cokali ɗaya na yuriya. Da zarar kai ya fara tauri a daina. Manyan ganyen waje su ne suke ciyar da kai, saboda haka kada a riƙa tsinke su ana ba zomaye ko awaki tun shuka tana girma.

Jijiyarsa ba ta nisa, iskar hunturu kuwa tana busar da ƙasa da sauri. Abin da yake so shi ne laima a kai a kai, ba ambaliya yau ƙishirwa gobe ba. Shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindi yana riƙe laima. A zuba ruwa a gindi, kada a jiƙa ganye ba dalili. Idan aka ga gefen ganye ya yi rawaya, rawayar ta tsuke tana shiga ciki kamar bakin mashi, jijiyoyin ganyen kuma sun yi baƙi, wannan ita ce cutar baƙin ruɓa. Ba ta da magani. A tumɓuke gindin a ƙone, kada a jefa shi cikin ramin taki.

Babbar abokiyar gaba

Yanzu sai tsutsar da take mai da ganye rariya. Uwarta wata 'yar ƙaramar faɗa-wuta ce mai launin toka, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, Turawa suna kiranta mai lu'ulu'u a baya saboda zanen da ke bayanta. Takan yi ƙwai fiye da 100 a jikin ganye. Tsutsar koriya ce, siririya, tana cin ganye ta ƙasa ta bar fatar sama kamar tagar gilashi. Idan aka taɓa ta sai ta yi zillo da baya, ta sauko a kan zare. Da zafi, daga ƙwai zuwa uwa mako biyu ne kacal, da sanyi kuwa takan ɗauki uku ko huɗu. Wannan ma wani dalili ne na shuka da wuri: wanda kabejinsa ya kai Maris a ƙasa zai tarar rundunarta ta ninka.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne wannan ƙwaro ya gagari guba tun ba yau ba. A 1953, a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, shi ne ƙwaron amfanin gona na farko da aka tabbatar maganin DDT ya daina kashe shi. Tun daga nan kusan duk maganin da aka yi ta fesa masa ba ƙaƙƙautawa, ƙarshenta sai ya saba da shi. Manomi ya ga magani bai ci ba, sai ya ƙara yawa, ya haɗa biyu ko uku, ya fesa yau ya yanka jibi. Feshin kuma yana kashe gizo-gizo da 'yan mitsi-mitsin zanzaro da suke cin tsutsar, sai ta samu fili. Ganyen kabeji kuwa a naɗe yake, abin da ya shiga tsakaninsa ba ya fita da ɗauraya ɗaya, ga shi ɗanye muke cinsa da tsire da kwaɗo. Kada a manta, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki, sinadarin nan da ake haɗa fiya-fiya da shi. Irin wannan guba ba ta da wuri a lambun da yara suke ci daga gare shi.

A ƙaramin lambu akwai hanyoyin da suka fi. Ta farko, a lulluɓe wurin raino da gidan sauro mai ƙananan ido tun ranar shuka, a danne gefensa da ƙasa, uwar ba za ta samu wurin yin ƙwai ba. Sai dai ya zama wanda ba a jiƙa da maganin sauro ba. Ta biyu, sau biyu a mako a juya ganye a duba, a murƙushe tsutsa da darɓa da hannu. Gindi 40 ba zai ci rabin awa ba, aiki ne da yara za su iya koya. Ta uku, 'ya'yan darbejiya, wadda waɗansu suke kira dogon yaro ko bedi. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka ƙwayar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye da cikin ido, mako-mako. Ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci da girma yake yi, saboda haka a ba shi kwana biyu ko uku. A dakata da shi mako ɗaya kafin yanka saboda ɗaci. Akwai kuma maganin Bt da ake yi da wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, mai kashe ƙananan tsutsa ba tare da cutar da mutum ba. Wanda tilas ta sa shi sayen maganin kanti, ya nemi shawarar malamin gona, ya bi adadin kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi.

Girbi

A danna kan da tafin hannu. Idan ya yi tauri ba ya lotsawa, ya nuna. A yanka da sassafe da wuƙa mai kaifi, a bar masa ganye biyu ko uku na waje su zama riga. Idan kawuna sun nuna ba a shirya cinsu ba, a kama gindin da hannu biyu a ɗan murɗa shi har waɗansu jijiyoyi su tsinke, wannan zai rage shan ruwa ya jinkirta tsagewa. Kututturen da aka bari, idan aka tsaga samansa gida huɗu aka ci gaba da ban ruwa, yakan fito da 'yan ƙananan kawuna masu daɗin miya. Amma da zafi ya shigo a tumɓuke duka, domin kada su zama masaukin tsutsa. Wurin kuma a huta masa da kabeji har shekara uku, a sa albasa ko wake ko masara.

Gaskiya ne, a lokacin da naka zai nuna, kabejin Jos da na fadamun Kano ya cika kasuwa, kuɗinsa ya sauko. Wanda yake lissafin riba kaɗai zai ce wahalar ba ta biya ba. Amma na kasuwa ba ka san ranar da aka yi masa feshin ƙarshe ba, ba ka kuma san ruwan da ya sha ba, na rijiya ne ko na kwata. Na bayan ɗakinka ka san duka biyu. Giram 100 na ɗanyen kabeji yana ɗauke da wajen miligiram 36 na bitamin C, yawan dafuwa kuwa yana lalata shi, ashe mai iya ba 'ya'yansa ɗanye da kwanciyar hankali shi ya ci ribar gaske.

Saboda haka mai niyya ya nemi irinsa a makon nan, ya tanadi taki, ya gyara wurin raino, kada Oktoba ta wuce shi. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba rainon albasa.